Feyote: tsiron hamadar Meziko da 'ya'yanmu ke gani a waya

 

A 'yan watannin nan na samu saƙonni daga iyaye, yawancinsu mazauna Legas da Abuja, kan wasu bidiyoyi da 'ya'yansu ke kallo a TikTok da YouTube. Za a nuna Bature ko Baturiya zaune a daji, yana ba da labarin wani tsiro da ya ci ya buɗe masa ido, ya raba shi da damuwar da ta gagari likitoci. Ƙarshen zancen kullum ɗaya ne: ai tsiro ne, ba ƙwaya ba, kuma mutanen ƙasar sun shekara dubbai suna ci lafiya lau. Wata uwa ta ce ɗanta mai shekara 19 ya kafa mata wannan hujja, ita kuma ta rasa ta cewa.

Tsiron da aka fi ambata shi ne feyote, wanda ake rubutawa peyote. Yaron nan bai yi ƙarya ba, tsiro ne, kuma an daɗe ana cin sa. Abin da bidiyon ke tsallakewa shi ne su wane ne ke ci, da wace niyya, sau nawa, da kuma dokokin da suka kewaye cin. A nan duk maganar take. Hukuncin abin maye a wurin musulmi ba ɓoyayye ba ne, wannan fagen malamai ne, kuma bayyana abin da wata al'umma ta yi imani da shi ba bin ta ba ne. Nawa fagen shi ne abin da tsiron yake yi a jikin ɗan Adam, da dalilin da ya sa labarin masu shi bai zama hujja ga ɗanka ba.

Feyote yana cikin dangin kaktus, tsirran hamada masu ajiye ruwa a jikinsu. Sai dai shi ba shi da ƙaya, kuma ba ya tashi sama. Idan kin san gauta, ki ɗauka an danne ta ta yi faɗi, launinta ya koma kore mai ratsin toka, an binne ta har sai samanta kaɗai ke leƙowa daga ƙasa. Haka yake, da ɗan gashi fari tsilli-tsilli a kansa, da doguwar saiwa mai kauri kamar karas a ƙasa. Masana tsirrai suna kiran sa Lophophora williamsii. A hamadar arewacin Meziko da kudancin jihar Teksas ta Amurka yake fitowa, ba ya cikin tsirran dajinmu. Girmansa na da nawa ƙwarai, a daji yakan kai shekara 10 ko fiye kafin ya isa yanka. Kan ake yankewa a bar saiwar, a ci shi ɗanye ko a shanya. Ɗacinsa kuwa, duk wanda ya ba da labarinsa da shi yake farawa.

Daɗewarsa a hannun mutane ba a musu a kai. A wasu koguna da ake kira Shumla a Teksas an tono busasshen feyote da awon masana ya nuna ya kai shekara 5,700. Da Sifaniyawa suka ci Meziko da yaƙi a ƙarni na 16, wani limamin coci mai suna Bernardino de Sahagun ya rubuta cewa mutanen arewacin ƙasar suna cin sa don ya ba su ƙarfin zuciya, ya ɗauke musu yunwa da ƙishirwa. Sunan ma daga harshen Nahuwatil na mutanen Aztek ya fito. A 1620 kotun cocin Katolika a Meziko ta haramta shi, ta ce aikin shaiɗan ne. Haramcin ya kore shi daga birane, amma bai kai cikin duwatsu ba.

Farautar barewa

A cikin duwatsun yammacin Meziko, a jihohin Halisko da Nayarit da maƙwabtansu, akwai wata ƙabila da ake kira Wicol, su kuma suna kiran kansu Wirarika. Manoma masara ne. Sunan tsiron a bakinsu hikuri, kuma a imaninsu abu uku ne da suke ɗaya: masara, da barewa, da hikuri. Masara ita ce abinci, barewa ita ce ta ba da kanta ga kakanninsu, hikuri kuwa a sawun barewar ya tsiro. Wani abin mamaki, tsiron ba ya fitowa a ƙasarsu. Sai sun yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa gabas, zuwa wata hamada da suke kira Wirikuta a jihar San Luwis Potosi, inda suka ce a nan rana ta fara fitowa. Da can da ƙafa ake zuwa, tafiyar makonni. Yanzu mota na rage musu hanya, amma wuraren tsayawa da dokokin tafiyar suna nan.

Dokokin nan su ne na ke so iyaye su lura da su. Ba kowa ke tashi ya tafi ba, ayari ake yi a ƙarƙashin wani dattijo masani da suke kira mara'akame. Matafiya suna barin gishiri, suna ƙaurace wa iyalinsu, suna rage ci da sha da barci. Kafin a shiga ƙasar hikuri, a zauna a gaban wuta, wadda suke girmamawa da sunan Kaka, kowa ya faɗi da bakinsa, a gaban jama'a, duk wanda ya taɓa nema a wajen aure. Kowane suna aka ambata sai a ƙulla ƙulli a jikin igiya, a ƙarshe a jefa igiyar a wuta. Ba a yarda wanda ya ji ya yi fushi ko kishi ba. A ganinsu duk wanda ya ɓoye wani abu, tsiron zai wahalar da shi, ya kuma jawo wa ayarin masifa. Ki auna wannan da saurayin da ya kulle ɗaki shi kaɗai, yana ɓoye wa uwarsa abin da ya saya.

Idan sun isa, ba su cewa sun zo ɗiban ganye, farauta suka zo. Dattijon zai yi ta bin ƙasa da ido kamar mai bin sawu, idan ya ga na farko sai ya kafa kibau kewaye da shi kamar an harbi barewa. A ajiye masa kyauta, kyandir da masara da ƙananan ƙorai da aka yi wa ado, a nemi gafararsa, sannan a yanka a raba. Ana kiyaye saiwar don ta sake tohowa. Abin da suka tara su ɗauko zuwa gida tare da ruwan maɓuɓɓugan da suka ratsa, shi za a yi amfani da shi a bukukuwan shekara, har da babbar rawar da suke yi gab da shuka. Abin da suke nema a duk wannan wahala shi ne ruwan sama, da yabanya mai kyau, da lafiyar yara. A 2025 hukumar UNESCO ta sa wannan hanya ta zuwa Wirikuta cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Maƙwabtansu na arewa, Raramuri, waɗanda suka yi suna wajen gudun dogon zango, su ma suna girmama shi, kuma suna shafa shi a kan rauni da ciwon gaɓoɓi da saran maciji. Wannan al'adarsu ce na faɗa, ba shawara ba. Saran maciji maganinsa allurar kashe dafi a asibiti.

Labarin Amurka daban ne, kuma sabo ne. A ƙarshen ƙarni na 19 an gama karya ƙabilun asalin ƙasar, an ƙwace filayensu, an tattara su a keɓaɓɓun yankuna, ana kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kwana inda ake hana su yin harshensu. Giya ta shiga cikinsu ta yi ɓarna mai yawa. A wannan hali ne cin feyote ya hauro daga kudu ya bazu, kuma cikin waɗanda suka yaɗa shi akwai Kwana Parker, shugaban ƙabilar Komanci. A 1918 suka yi wa tafarkin rajista a jihar Oklahoma da sunan Cocin 'Yan Asalin Amurka. Ya haɗa al'adunsu da wasu abubuwa na Kiristanci.

Zamansu na dare ɗaya ne cur, yawanci daren Asabar, a cikin tanti, kewaye da wuta da wani ɗan tudun ƙasa mai siffar jinjirin wata. Akwai jagora, akwai mai kula da wuta, akwai ƙaramar ganga mai ruwa a ciki da caki, suna zagayawa hannu zuwa hannu, kowa ya yi waƙa da addu'a idan layi ya zo kansa. Ba a tashi a yi ta yawo. Da asuba mace ta shigo da ruwa, a yi addu'a, a karya da masara da nama da 'ya'yan itace. Kuma ba a kiran zaman haka kawai, sai da dalili: wani ba shi da lafiya, ko yaro zai tafi makaranta ko aikin soja, ko ana godiya. Su magani suke kiran sa, kuma cikin manyan sharuɗɗan tafarkin akwai barin giya da riƙe iyali.

Ba su samu abin a ruwan sanyi ba, har a cikin 'yan uwansu. Majalisar ƙabilar Nabaho ta haramta shi a 1940, ba ta janye ba sai 1967. A 1970 dokar Amurka ta sa feyote a rukunin farko na haramtattun kayan maye. A 1990 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a kan wasu mutum biyu na jihar Oregon da aka kora daga aiki saboda sun ci shi a wurin ibada, ta ce jiha na da ikon hana su kuɗin rashin aiki. Sai a 1994 majalisar dokoki ta yi gyaran da ya ba 'yan ƙabilun da gwamnati ta amince da su kariya, su kaɗai, kuma a ibadarsu kaɗai. Baturen da ke cikin bidiyon ɗanki, idan a Amurka yake kuma ba ɗan ƙabilun ba ne, wannan kariya ba ta shafe shi ba.

Abin da ke cikinsa

Feyote na ɗauke da sinadarai fiye da 50, amma mai aikin shi ne meskalin. Wani masanin magunguna Bajamushe, Arthur Heffter, shi ya ware shi a 1897, kuma da jikinsa ya yi gwajin: ya riƙa shan sinadaran ɗaya bayan ɗaya har ya gano wanda ke kawo gane-gane. A 1919 Ernst Spath ya haɗa shi a ɗakin bincike a Biyana ba tare da tsiron ba. Abin da ya fito da shi kasuwa a idon Turawa kuwa littafi ne, The Doors of Perception, wanda marubucin Ingila Aldous Huxley ya fitar a 1954 bayan ya sha meskalin. Bidiyoyin yau jikokin wannan littafi ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 kan sinadarai masu juya hankali ta sa meskalin a rukuni mafi tsanani, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar.

A ƙwaƙwalwarmu akwai wani sinadari mai suna serotonin da jijiyoyi ke aika wa juna saƙo da shi. Yana da hannu a yanayin zuciya, da barci, da yadda muke fassara abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji. Meskalin yana zuwa ya zauna a ɗaya daga cikin mazaunan serotonin, ya yi ta taɓa ƙofar da ba saƙo aka kawo ba. Sai launuka su ƙara kaifi, zane-zane su riƙa motsi a bayan fatar ido, lokaci ya miƙe ko ya tsaya, abin da ke zuciya, daɗi ne ko tsoro, ya kumbura ya cika ɗaki.

Kafin a kai nan jiki ya sha nasa. Tashin zuciya da amai su ke fara zuwa, sai gumi, da rawar jiki, da buɗewar ƙwayar ido, da saurin bugun zuciya, da hawan jini. Masu tsiron suna fassara aman da cewa tsarkakewa ce. Ni a wurina jiki ne ke ƙoƙarin fitar da abin da bai karɓa ba. Aikin yakan ɗauki awa 10 zuwa 12, kuma idan ya fara babu abin da za a sha a gida ya tsayar da shi. Wanda tsoro ya kama a awa ta biyu, akwai sauran awa takwas ko fiye a gabansa.

Adalci ya sa in faɗi abin da ke gefen tsiron. Meskalin ba ya kama jiki irin kamun taramadol ko kodin, inda mutum ke shiga ciwo idan ya daina. Kuma a 2005 wani likitan ƙwaƙwalwa na jami'ar Harvard, John Halpern, da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi a cikin 'yan Nabaho. Sun gwada tunani da lafiyar hankalin mutum 61 da suka daɗe suna cin feyote a coci, suka kwatanta da waɗanda ba su ta'ammali da kayan maye, ba su ga tawaya a masu cin ba. Waɗanda aka ga tawayar a tare da su, su ne rukuni na uku, tsofaffin mashaya giya. Masu talla suna son wannan bincike ƙwarai. Amma a duba su wa aka gwada: manyan mutane, da ba sa haɗa shi da wasu kayan maye, da ke ci a zaune a tsakiyar danginsu, a ƙarƙashin idon dattijon da ya san su ya san gidansu. Su kansu masu binciken sun ja kunne cewa kada a ɗauki sakamakon a ɗora wa masu shan irin waɗannan sinadarai a wani yanayi daban. Shingen da ke kewaye da tsiron yana cikin abin da aka auna, shi kuwa shinge ba a sayar da shi a intanet.

Haɗarin ya fi tsanani ga wasu mutane. Na farko wanda akwai taɓin hankali a danginsa. Irin waɗannan cututtuka sun fi bayyana daga ƙarshen shekarun balaga zuwa wajen shekara 30, daidai shekarun masu kallon bidiyon, kuma sinadarai masu kawo gane-gane na iya tayar da abin da ke kwance. Mu kuma mun san halinmu, gida da yawa ana ɓoye cewa kawu ko gwaggo ta taɓa kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa, don haka yaron bai ma san yana cikin wannan layi ba. Sai mai hawan jini ko ciwon zuciya, da mai farfaɗiya, da mai juna biyu. Sai kuma wanda ke kan magani. Magungunan ciwon damuwa da yawa a kan serotonin ɗin nan suke aiki. Taramadol ma, ban da kashe ciwo, yana ƙara serotonin, yana kuma sauƙaƙa wa mutum faɗawa jijjiga. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da kayan maye a Najeriya cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu masu shan irin su taramadol ne. Matashin da zai gwada sabon abu a nan, da wuya ya zo da cikinsa wayam.

Mai ciwon damuwa da ya ajiye maganin likita saboda wani bidiyo ya fi ba ni tsoro a kan kowa. Ana ta bincike a jami'o'in waje kan ko wasu sinadarai na wannan rukuni za su taimaka wa masu damuwa, amma a asibiti ake yi, bayan an tace waɗanda za su shiga, da ma'aikata a gefen gado. Meskalin bai zama maganin da ake rubuta wa majiyyaci ba.

Sannan akwai matsalar jabu. An daɗe da sanin cewa abin da ake sayarwa a ɓoye da sunan meskalin sau da yawa wani abu ne daban, domin haɗa na gaskiyar na da tsada. Cikin abubuwan da ake musanyawa da shi akwai wasu haɗe-haɗen ɗakin bincike da ake kira NBOMe, waɗanda ɗan kaɗan ɗinsu ya kashe matasa a Amurka da Turai. Garin da ya zo a leda ba ya faɗin sunansa.

Su kansu masu tsiron kuka suke yi da wannan talla. Feyote na ƙarewa. Ana share dajinsa don noma da kiwo da haƙar ma'adinai, baƙi masu yawon neman gane-gane suna tumɓuke shi har saiwa, abin da ya shekara 10 yana girma a cinye shi a dare ɗaya. Ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa shi cikin tsirran da ke fuskantar barazana. A Teksas mutane ƙalilan ne ke da lasisin yanka shi su sayar wa cocin. Da wasu birane da jihohin Amurka suka fara sassauta doka a kan tsirrai masu juya hankali, shugabannin cocin da kansu suka roƙi a cire feyote daga sassaucin, kuma da jihar Kolorado ta yi tata dokar a 2022 ta cire shi. Mutanen da ake kafa hujja da sunansu, su ne ke cewa a bar musu abinsu.

Namu na gida

Abin da ya fi kusa da gidajenmu ba feyote ba ne, abubuwa biyu ne da yaro zai iya kai hannu gare su idan bidiyo ya zuga shi.

Na farko masu kama da kaktus. Tinya da ƙerana, da wasu da ake sayarwa a tukwanen fulawa a bakin titi, suna da jiki mai kauri da ƙaya, har mutane na ce musu kaktus. Kama da wane ba ta wane. Su dangin aguwa ne, kuma alamarsu farin ruwa kamar madara da ke fita idan an karya su. Wannan ruwa guba ne. Yana ƙona fata, yana kumbura baki da maƙogwaro, idan ya shiga ido yana iya ɗauke gani na kwanaki ko ya bar tabo. Akwai wani sinadari a cikin tinya da masana suka raɗa wa suna tinyatoksin, daga sunanta na Hausa, wanda zafinsa ya ninka na sinadarin barkono sau ɗaruruwa. Babu meskalin a cikinsu ko kaɗan. Idan ruwan ya faɗa ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15 zuwa 20 ba tsayawa, kada a murza, sannan a tafi asibiti. Mai ƙananan yara a gida gara ya ɗaga irin waɗannan tukwane daga inda hannu zai kai.

Na biyu zaƙami, wanda Yarbawa ke kira gegemu. Shi ne yake fitowa a kangwaye da bakin bola, da farin fure kamar kakaki da 'ya'ya masu ƙaya. Shi ma tsiro ne, shi ma an daɗe da saninsa, kuma ya fi feyote haɗari nesa ba kusa ba. Sinadaransa, atirofin da hayosin da 'yan uwansu, ba ta hanyar serotonin suke bi ba. Suna toshe wani saƙon jijiya ne da ke sarrafa yawu da gumi da bugun zuciya da fitsari da tunani. Wanda ya sha meskalin yawanci ya san wani abu ya sha. Wanda zaƙami ya kama bai san inda yake ba. Zai yi ta hira da mutanen da ba su nan, yana tsintar abin da babu a iska, ya tuɓe, ya nufi titi ko rijiya, idan ya farfaɗo kuma bai tuna komai. Baki ya bushe, fata ta yi zafi ba gumi, ƙwayar ido ta buɗe, zuciya ta yi ta gudu, fitsari ya ƙi fita. Abin na iya kai kwana biyu ko fiye, kuma yana kisa.

Waɗannan sinadarai muna da su a kantin magani. Atirofin yana cikin maganin ɗigawa a ido, kuma da shi ake ceto wanda ya sha wasu nau'o'in maganin ƙwari. Buscopan da ake sha don murɗar ciki daga hayosin aka samo shi. Bambancin shi ne awo. A ƙwaya mun san adadin da ke ciki daidai. A zaƙami ƙarfin ya bambanta daga tushe zuwa tushe, daga ganye zuwa iri, daga damina zuwa rani, shi ya sa abin da aboki ya sha jiya ya tashi, wani zai sha yau a ɗauke shi ranga-ranga. An sha zuba shi ma a abin sha a wurin biki ba da sanin mai sha ba, don haka a ja wa 'yan mata da samari kunne kan karɓar abin sha a buɗe daga hannun da ba su sani ba.

Idan yaro ya shigo yana sambatu, idonsa a buɗe tar, jikinsa zafi, kada a tsaya bincike ko duka, kuma kada a yanke cewa iska ce a zauna jira. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa ya yi amai, domin wanda hankalinsa ya gushe yana iya shaƙewa abin ya wuce huhu. A rage masa tufafi, a shafa masa ruwa, a kawar da wuƙa da wuta daga kusa, mutum ɗaya ko biyu su riƙa yi masa magana a hankali. Idan ya suma a kwantar da shi ta gefe. A nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, a tafi da ragowar abin da ya sha, ko ledar, ko kwalbar, tare da duk wani magani da yake sha a kullum. A nemi abokin da suke tare a lokacin, a tabbatar masa ba kama shi za a yi ba, don shi ne ya san mene ne aka sha da ƙarfe nawa. A faɗa wa likita wannan yadda yake, ko da akwai kunya a ciki, domin allurar da za a yi wa wanda ya sha zaƙami daban take da ta wanda ya sha taramadol.